Kar Ki Yanke Ruwa Sai Na Dawo

Litinin, 1 ga Mayu, bayan sallar asuba

Ruwan safe: Azeta, jarka biyu.

Littafin nan na maigidana ne, Lasane, kuma na ban-ruwa ne, ba na surutu ba. Layi ɗaya na safe, layi ɗaya na yamma, da sunan wanda ya zuba. Da zai ga ina cika masa takarda da zance, da ya ce ga irinta nan, shi ya sa tun farko bai so a koya mini rubutu ba. Ƙarya yake yi, shi ya raka ni ajin da kansa. Yanzu dai ba ya nan, alƙalamin kuma yana hannuna.

Ranar Alhamis ya hau keke ya koma Sillanga, ɗauko irin dawarmu da muka baro a rumbu. Ya ce kwana uku. Yau huɗu. Kowa ya san yadda hanyar nan ta zama tun da 'yan bindiga suka tare ta, dole mutum ya yi zagaye.

Abin da ya bar mini rabin duro ne guda huɗu a bayan ɗakin da muke zaune a nan gefen Wahiguya, cike da dawa da wake da albasa. Ba don ci aka shuka su ba, don ƙasar da ke ƙarƙashinsu ne. Ranar da muka fito daga gari, kowa na ɗora tukwane da tabarmi a amalanke, shi kuwa yana durƙushe a gindin tsohuwar ɗorawar bayan gida yana cika buhu da ƙasa. Na yi masa faɗa a gaban mutane, na ce wa ya taɓa gudun hijira da ƙasa a ka. Ya ci gaba da cika buhunsa. Saboda buhun nan na baro turmina, har yau kuma ina jin haushin turmin.

A cikin ƙasar akwai abin da yake kira zare. Ido ba ya ganinsa. Malamar gonar da ta koya masa, shekara tara ke nan, ta ce dangin funfuna ne, amma mai amfani: yana shiga cikin saiwa ya zauna, ya miƙa ya jawo mata ruwa da abinci daga inda ita ba ta kaiwa. Lasane yakan ce saiwa baki ce, zaren ne hannunta. Ba ya yaɗuwa sai a jikin saiwa mai rai, shi ya sa ake renonsa a duro kwana casa'in, sannan a yaye shi, wato a yanke masa ruwa gaba ɗaya. Ranar yaye kuwa shi ke faɗinta, ba a taɓa yin shekarar da wani ya faɗa ba. Yana ɗaure gorar ruwa a keke ya ce mini, "Kar ki yanke ruwa sai na dawo." Na ce na ji, sai ka ce yau na fara.

Laraba, 3 ga Mayu, la'asar

Ruwan safe: Azeta. Ruwan yamma nasa ne. Na zuba, amma na bar gurbin sunan, in ya zo ya san yadda zai yi da abinsa.

Odil, mai gidan da ta ba mu ɗaki, ta tsaya a kaina ina ban-ruwa tana ɓarar gyaɗa. 'Yar Samo ce, mu kuma Mosi, don haka tun ranar da muka sauka ba ta kira ni da sunana ba ko sau ɗaya. Abokan wasa ne mu da su tun kaka da kakanni, duk abin da ta faɗa sai dai in rama, ba dai in yi fushi ba.

"Baiwata, wai dawar nan taki yaushe za ta yi zangarniya? Ko ado kike yi mini a bayan gida?"

"Ado ne. Na ga gidan 'yan Samo ba abin kallo sai tulun farau-farau, shi ma satowa kuka yi."

Ta yi dariya har gyaɗa ta sarƙe ta. Ta ce in Lasane ya dawo za ta haɗa mu biyun ta musanya da akuya mai hankali. Na ji daɗin yadda ta ce in ya dawo, haka kawai, ba tare da ta leƙa fuskata ba.

Juma'a, 5 ga Mayu, azahar

Wayarsa tana shiga, ba a ɗauka. Halinsa ne, yakan bar ta a aljihun rigar da ya rataye. Na kira sau bakwai, sai na ji kunyar kaina na bari.

Asabar, 6 ga Mayu, magariba

Ta daina shiga. Caji ne. A Sillanga yanzu wa zai ba shi wuta?

Talata, 9 ga Mayu, hantsi

Yaya Salfo, wan Lasane, ya zo. Ya sha ruwa, ya tambayi lafiyata har sau uku kamar wanda ya manta ya tambaya, sannan ya shiga zancen gona. An ara wa mutanen Sillanga, mu gida goma sha ɗaya, wani fili a bayan gari. Faƙo ne fari fat, ko akuya ba ta tsayawa a kai. Da abin kirki ne ai da ba a ara wa baƙi ba. Maza da mata suna can tun asuba suna haƙa zayi, ramukan nan da muke zuba wa taki da iri don su tare ruwa. Ya ce diga tsalle take yi ta dawo wa mutum.

A irin wannan ƙasa iri yakan tsiro, ya yi kwana goma, ya yi ja ya tsaya cik, don saiwar ba ta da mai kama mata hannu. A gida mun gani da idonmu a gonar tudu. Ramin da aka sa wa yatsu uku na ƙasar Lasane da wanda ba a sa wa ba, kamar ɗan da ya sha nono ne da wanda aka raina da koko. Shi ya sa gida goma sha ɗaya suka zuba wa duro huɗun nan ido.

Ya tambaye ni yaushe. Na ce kwana casa'in zai cika Talata mai zuwa, sauran kuma sai mai abin ya zo. Ya daɗe yana kallon takalmansa. Da zai tafi ya ce ya aika a bincika. Na ce a bincika me, mutum ya je garinsu.

Alhamis, 11 ga Mayu, bayan azahar

A layin famfo wata 'yar gari ta ce mutane na neman na sha, wasu na shayar da ciyawa. Wai ba da ni take ba, da jarkarta take. Na ajiye tawa na gaya mata abin da ya sawwaƙa, har da wanda bai sawwaƙa ba. Na taɓo uwarta, wadda ban sani ba, ba ta kuma yi mini komai ba. A hanyar dawowa ruwan na ta zuba mini a ƙafa. Gaskiya matar ta faɗa, shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Na rage na wankana na ƙara wa duro.

Lahadi, 14 ga Mayu, hantsi

Na cire albasa ɗaya daga duron farko, na wanke saiwar a ƙoƙo a hankali yadda yake yi. Ta yi rawaya. Ba fara tas irin ta albasar kasuwa ba, rawaya kamar an tsoma ta a ruwan garin ɗorawa, ƙasa kuma ta maƙale mata dunƙule-dunƙule ba ta son saki. Alamar ke nan zaren ya shiga ya zauna. Ƙasar Sillanga ta yarda da baƙunta. Na juya in kira shi, har na buɗe baki.

Sai na kai wa Odil. Ta jujjuya saiwar ta ce ita dai gashin tsohuwa take gani, in na gama kallo in ba ta albasar ta sa a miya. Amma da hannu biyu ta riƙe ƙoƙon, ta kuma daɗe ba ta mayar mini ba.

Talata, 16 ga Mayu, la'asar

Kwana casa'in. Na zuba na safe, na zuba na yamma.

Alhamis, 18 ga Mayu, hantsi

An kawo keken.

Yaya Salfo ne da wani dattijo da ban sani ba, daga wani ƙauye na kan hanya, suka turo shi. Ba wanda ya hau. Buhun iri yana baya, bakinsa ɗaure da ƙullin nan nasa mai kunne biyu da nake yi masa tsiya a kai, don ba mai iya kwance shi sai shi. Gorar ba ta nan. Suka jingine shi a bangon Odil. Maza suka fara taruwa, aka shimfiɗa tabarma, liman ya zo. Dattijon ya nemi mu gaisa. Na ce ina da layi a famfo, in na bari za a tsallake ni. Na ɗauki jarkokina na fita. Layin bai yi tsawo ba, sai na bar mata shida suka wuce gabana.

Juma'a, 19 ga Mayu, asuba

Keke ba mutum ba ne. Keke yakan faɗi a tsince shi.

Asabar, 20 ga Mayu, magariba

Ban yi wa Yaya Salfo magana ba yau, jiya ma haka. Na san ba shi ya yi komai ba. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. To ni ce zomon, ban kuma ji kunya ba.

Lahadi, 21 ga Mayu, la'asar

Matan Sillanga sun zo sun zauna a ƙofar ɗaki, kowa ta ja mayafi. Na dama musu farau-farau, na shiga ba su labarin duro, wanne ya fi kore, wanne tsutsa ta taɓa, yadda wake ya haye dawa ya ƙi sauka, har suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Matar Yaya ta kama hannuna ta ce sai haƙuri. Na ce haƙurin me, ai albasa ɗaya ce ta ruɓe.

Mamunata 'yata ta kira daga gidan mijinta a Bobo tana kuka. Na ce mata ba na ji sosai, na kashe. Wannan kam ya dame ni, yarinyar ba ta yi mini laifin komai ba.

Laraba, 24 ga Mayu, bayan la'asar

Hadari ya haɗu a gabas ya watse. Iska ta kawo ƙamshin ruwan da ya sauka wa wasu.

Yaya Salfo ya same ni a bakin duro, bai zauna ba. Ya ce an gama haƙa ramuka, an zuba taki, gara ta fara aikinta na huda ƙasa. Sannan ya jero mini abin da na fi shi sani. Bayan an yanke ruwa sai an jira kwana goma cur shukar ta bushe, don sai zaren ya ji mutuwa ta zo yake zuba ƙwayayensa a ƙasa, su ne kuma ke kwanciya su jira damina. Daga nan a yanke kara, a daddatsa saiwa, a gauraya. Ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

"Ki yaye shi, Azeta. Ba umarni nake ba ki ba, roƙo ne. Ƙasar nan taki ce yanzu."

"Yanzu? Da can ta wa ce, Yaya?"

Ya cire hularsa. Tsoho da furfurarsa, wanda ya goyi Lasane a kafaɗa, ya juya mini baya yana share ido da hula. Na ce masa amana aka ba ni, mai amanar kuma ya ce sai ya dawo. Da ya fita na zuba jarka uku maimakon biyu.

Juma'a, 26 ga Mayu, hantsi

Duro na huɗu ya fara wari. Ruwa ya yi masa yawa, albasar ta narke, saiwar dawar ta yi baƙi. Ni na yi, da hannuna.

Shekarar farko da ya yaye su na yi masa gardama. Na ce wata uku kana tashi da asuba kana shayar da abu, ya yi kore shar, sannan ka tsaya kana kallo ƙishirwa ta kashe shi, wannan ai mugunta ce. Ya ce zaren nan malalaci ne, muddin yana jin daɗi ba ya tunanin 'ya'ya. Duk da haka ranar yaye ba ya cin tuwon kirki. Yakan ɗebi ƙasa ya shinshina, ya ɗanɗana a harshe, ya zagaya duro sau biyu yana gunaguni, sannan ya kife garwar ban-ruwa ya ɗora mata dutse. Wata shekara na tambaye shi me yake ji a harshen. Ya ce ba komai, ƙasa ce, yana dai jan lokaci ne don ba ya so.

Na yi kewarsa yau har ƙirjina ya yi ciwo. Na rubuta, tunda ba mai karantawa.

Lahadi, 28 ga Mayu, magariba

Na zuba na safe, na zuba na yamma. Ba wanda ya zo. Mutanenmu sun fara bin ɗaya hanyar in za su gona, don kada su wuce ta ƙofar nan.

Talata, 30 ga Mayu, bayan la'asar

Na fito da garwa zan ɗebi ruwan yamma, na tarar da Odil zaune a kan jarkata, ɗayar kuma ta ɗora mata ƙafa. Na ce ta tashi. Ta ce ba ta ga dalili ba, jarkar baiwa ai ta uwargijiyarta ce.

A wurinmu in babba ya rasu, 'yan Samo kan zo su tare bakin kabari su hana a sa shi, suna yi masa tsiya wai barcin ƙarya yake don gudun aiki, har sai masu kuka sun dara. Abin da ɗan'uwa ba zai iya furtawa ba, su an ba su baki su furta. Da na ga irin zaman da ta yi na san abin da ya kawo ta.

"Odil, yau ba ranar wasa ba ce."

"Na sani, shi ya sa suka turo ni. Duk Mosin Sillanga, masu rawani da masu gemu, an rasa mai bakin gaya wa mace ɗaya magana ɗaya, sai 'yar Samo mai satar farau-farau."

Sai ta faɗa. Ba ta sassauta murya ba, ba ta kuma yi kewaye-kewaye ba. Ta faɗi ranar, Lahadi ce, yana kan hanyar dawowa. Ta faɗi wurin, mashigin rafin nan da ya ƙafe. Ta ce mutanen ƙauyen dattijon sun yi masa duk abin da ake yi kafin rana ta faɗi, dattijon ne da kansa ya shige gaba, shi ya kuma ɓoye keken da buhun a ɗakinsa har hanya ta ɗan lafa. Na ce ƙarya take, na kira ta da sunayen da ko wasa bai halatta ba. Ta bari na gama.

"Baiwata, bakinsa ya ce kar ki yanke ruwa sai ya dawo. Hannunsa kuma ya ɗaure iri ya kamo hanya don a shuka bana. Bakin bai iso ba, aikin hannun ya iso, ga shi can jingine a bangona kwana goma sha biyu. Ki zaɓi wanda za ki bi. Ni dai ba zan tashi daga kan jarkar nan ba."

Na juya mata baya. Na je duron farko na ɗebi ƙasa na shinshina, na sa a harshe. Ƙasa ce. Na zagaya sau biyu. Na kife garwar, na nemi dutse na rasa, Odil ta miƙo mini ɗan dutsen niƙanta. Sannan ta sauka daga kan jarkar ta riƙe ni, muka zube a ƙasa mu biyu. Ta kira ni Azeta.

Ruwan yamma: babu.

Laraba, 31 ga Mayu, asuba

Na farka hannuna na laluben jarka.

Juma'a, 2 ga Yuni, azahar

Wake ne ya fara, ganyensa ya naɗe kamar kunnen ɓera. Dawa kuwa ta maza take yi. Ba na iya kallonsu, ba na kuma iya barin kallo.

Liman ya ce kwanakin takabata sun fara ƙirguwa tun ranar, ko na sani ko ban sani ba. Na cire 'yan kunnena na ba matar Yaya ta ajiye. Na kira Mamunata, wannan karon na bar ta ta yi kukanta har ƙarshe, na taya ta.

Talata, 6 ga Yuni, bayan azahar

Ruwan farko ya sauka, mai ƙarfi. Iska na tasowa Odil ta ɓalle ƙyauren kwanon ɗakin girkinta, ni da ita da matar Yaya muka rufe duro da shi da tabarmi, muka danne da duwatsu, muka tsaya a cikin ruwan muna riƙe da gefe. Ƙasar ba ta jiƙe ba.

Gobe duk Wahiguya za ta fita shuka. Mutanen Sillanga za su zauna su kalli ramukansu cike da ruwa, don ƙasar sai Juma'a. Da na yaye ranar da kwana casa'in ya cika, da tuni tana ƙulle a hannun kowa. Sati biyu na ci musu. Gida biyu sun ce ba za su jira ba, za su shuka irin agajin da aka raba musu haka nan, ban kuma ga laifinsu ba. Ba wanda ya goranta mini, ni kuwa na fi so a ce sun goranta.

Juma'a, 9 ga Yuni, la'asar

Mun yi. Kara ya bushe ƙayau, na yanke shi a wuya, muka juye duro a inuwa, na daddatsa saiwa ƙanana kamar yankan kuɓewa, na gauraya da hannu. Duro na huɗu na zubar, ba abin da ya saura a ciki sai wari. Uku ne dole su ishi gida taran da suka jira, don haka yatsu uku sun koma biyu.

Tunda ba na fita, su suka zo ƙofar ɗaki, kowa da ƙwaryarsa, ina auna musu. Na ji bakina yana cewa a sa ta ƙarƙashin iri, kar a bar ta a rana, kar a haɗa ta da toka, da irin muryar faɗan nan tasa da nake kwaikwaya in ba ya kusa.

Sannan Yaya Salfo ya sauko da buhun daga keke. Ya yi fama da ƙullin har farcensa ya karye, ya zaro wuƙa. Na ce ya farke ta gindi. Ya dube ni, ya juya buhun, ya farke ta gindi. Jar dawarmu ta zubo a tabarma, wadda kakar su Lasane ta zo da ita gidan. Odil ta ce ashe a kan wannan 'yar jar tsabar ce Mosi ke ta fankama. Tana faɗa hawaye na ɗiga a haɓarta. Daga baya ta ce a zuba wa uwargijiya nata, tana da ramuka biyar a bayan gida.

Laraba, 14 ga Yuni, asuba

Ruwa ya dawo jiya da yamma. Sun fita shuka. Yaya da Odil ne za su shuka namu ramukan. 'Yar Samo da fartanya a gonar Mosi, da yana nan da ya ce duniya ta zo ƙarshe.

Asabar, 24 ga Yuni, hantsi

Yaya Salfo ya shigo da tsiro biyu a cikin hularsa, ya ajiye a gabana. Ɗaya daga gonar waɗanda suka riga shuka ne, ya girmi namu da sati guda, amma ya yi ja, saiwar guntuwa, tsirara. Ɗayan daga raminmu ne, kwanansa goma, kore, saiwar ta fi ɗan yatsana tsawo, ƙasa ta maƙale mata ba ta son saki.

"Ta kama, Azeta."

Na ce na gani. Ya ce gida biyun nan suna tambaya ko akwai saura, su sake shuka inda ya mutu musu. Na ba su duk abin da ya rage, ban da mudu ɗaya na baɗi. Shi na zuba a wuyan buhun da na yanko, na ɗinke ta ƙasa, ƙullin yana sama yadda ya ɗaure shi. Na rataye a inda turmina zai zauna da ina da turmi.

Da ya tafi na koma shafin farko, na ga inda na rubuta ya ce kwana uku, yau huɗu. Bai saɓa ba. Rana ta uku yana kan hanya, ni ce ban sani ba.

Lasane Porgo, mijina shekara ashirin da shida, ya rasu ranar Lahadi, 30 ga Afrilu, a mashigin rafi, yana kawo mana iri. Allah ya jiƙansa. Na rubuta.

Na ƙirga guraben ruwan yamma da na bar masa, talatin da uku ne. Kullum cewa yake littafin ban-ruwa ba ya son ƙarya, wanda ya zuba shi ake rubutawa. Na ɗauki alƙalami na bi su ɗaya bayan ɗaya, Azeta, Azeta, Azeta, har na iso ranar da na rubuta babu.